Ranar da Hamid Ya Toshe Abu Sitta

Hamid ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma shekara ɗaya aka haife mu a Hillat Barmo, gabas da Suki, a bakin tur'a ta huɗu, wato babbar magudanar ruwan noma. Na fara da wannan don kada wani ya ce ban san shi ba. Na san shi tun muna yara tsirara a cikin tur'a, ni ina kama tarwaɗa, shi yana tsaye a gaɓa yana faɗa mini yadda ake kamawa.

Ba a kiransa Hamid sai a gidansu. A waje Bashmuhandis ne, wato babban injiniya. Babu makarantar da ta ba shi sunan. Ya yi shekara ɗaya da rabi a wata kwaleji a Madani, ya dawo ya ce malaman ba su da sauran abin koya masa. Ya tafi Saudiyya shekara biyu, ya dawo da tabarau da jaka mai lambobi da alƙaluma uku a aljihun jallabiya. Abin da ya yi a can bai taɓa faɗa sau biyu iri ɗaya ba. Ayman direban hafla, motar hayar garinmu, ya ce shi dai ya gan shi a Jidda yana zaune a ƙofar wani shagon wayoyi yana kiran masu wucewa.

Da ya dawo ya kafa teburin gyaran waya a kasuwar Suki. Wata huɗu teburin ya yi. Har yau akwai wayoyin mutane a kwalin da ke ƙarƙashin gadonsa, kowace a buɗe, hanjinta a waje. Bayan nan masallacinmu ya samu farantan sola, aka ba shi aikin kafawa domin shi ne ya fi kowa iya faɗin sunayen sassan. Ya kafa su suna kallon alƙibla, ya ce don albarka. Alƙiblarmu arewa maso gabas take, rana kuwa ta inda ta saba take bi. Wata shida lasifika tana mutuwa a tsakiyar kiran Magariba, sai da na hau rufin ni da ladan muka juya su. Da wuta ta daidaita, Hamid ya ce dama ya san batir ɗin yana bukatar lokaci kafin ya saba da garin.

Sai na ɗan yi maganar ruwa, don wanda bai san noman rani irin namu ba. Ruwa yana fitowa daga tur'a ya shiga babbar hanya da muke kira abu ishirin, daga nan ya shiga ƙarama, abu sitta, ita ce ke shayar da hawasha, gonar da gwamnati ta yanka wa kowane manomi. Abin da ake fara koya wa yaro a garinmu, kafin ma alwala, shi ne ya tsaya ya zuba wa ruwa ido. Da ya kai ƙarshen kunya, ka ɗebi laka ka toshe. Ba a jira. Wanda ya bari ruwansa ya malala kan hanya ko gonar maƙwabci, an san gidansu da abin har jikoki. Duk wanda ya girma a nan ya sha bulala a kan wannan. Hamid ya sha fiye da kowa, kuma bai taɓa toshewa a kan lokaci ba. Sau uku yana nutsar da gyaɗar maƙwabcinsu yana can gindin bishiya yana bayanin siyasar duniya. Da ubansa Jibirin ya rasu, hawashar ba ta yi shekara biyu a hannunsa ba, ya sa hannu a takarda ta koma ga wani.

Ni kuwa shekara ashirin da biyu na yi ina gafir, mai buɗe ƙofofin tur'a da rufewa. Da gwiwa ta ƙi, aka mai da ni ofishin ƙungiyar manoma, ina gadi, ina kula da janareta. Ba ni da ilimi. Abin da aka ba ni na riƙe, shi nake riƙewa.

Shekarar da ta gabaci yaƙi, wani kamfani ya shigo yankinmu da noman auduga na haɗin gwiwa. Su ba da iri da taki da feshi, manomi ya ba da ƙasa da ƙarfinsa. Sharaɗinsu shi ne kowane mai hawasha ya ɗora babban yatsansa a kan na'ura a ɗauki basmarsa, wato zanen yatsa. Yatsa ɗaya, hawasha ɗaya. Wanda ba a ɗauki basmarsa ba har aka rufe rajista, a shekarar nan wani za a ba hawasharsa ya noma, domin ba a barin mutum ya shuka dawa a tsakiyar layin auduga, jirgin feshi ba ya tsallake gona.

Suka kawo kaya ofishinmu. Kwamfuta siririya mai rami ɗaya tak a gefe, firinta, da na'urar ɗaukar basma, wadda ba ta wuce sabulun wanki ba, da gilashi a samanta da 'yar fitila. Sai wani baƙin akwati ɗan dogo mai ramuka shida. Duk wayoyin kayan nan cikinsa suke shiga, daga shi kuma waya ɗaya ta tafi ramin kwamfuta, har wutar da kwamfutar ke ci ta cikinsa take bi. Baffana Mati ne ya raɗa masa suna. Ya leƙa, ya ƙirga ramukan da yatsa, ya ce, "Wanga ai abu sitta ne." Sitta da Larabci shida ke nan. Sunan ya bi shi, har ma'aikaciyar da kamfanin ya turo haka take kiransa.

Sunanta Lubna, 'yar Hausawan Suki ce, amma Larabci ya fi zama a bakinta. Ba ta da surutu. Takan zo da haflar farko, ta zauna, ta kira suna, ta goge gilashi, ta kira na gaba. Cikin sati biyu ta ɗauki mutum ɗari uku da wani abu. Hamid kuwa ya tashi a taron lajna, wato kwamitin manoma, ya yi magana ta awa guda a kan zamani da yadda ake yi a Jidda, har dattawa suka gaji suka naɗa shi mai kula da na'urori don ya zauna. Aikinsa a ofis biyu ne. Yana soka wayarsa caji a jikin Abu Sitta, yana kuma goge allon kwamfuta da jelar rawaninsa in ya ga mutane sun taru.

Mutum goma sha ɗaya na'urar ta ƙi karantawa, duk tsofaffi. Baffa Mati yana cikinsu. Ƙanen ubana ne, kawun Hamid. Shekararsa saba'in da biyu a lokacin, matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna arewa wajen haƙar zinariya inda waya ba ta shiga, 'yarsa tana aure a Rusairis. Hawashar nan ta fadan biyar, kusan eka biyar ke nan, ita ce abin da yake da shi, shi ke nomanta da kansa. Yatsunsa shekara hamsin suna tsintar auduga suna damun laka, sun goge tas kamar bakin tsohuwar fartanya. Ya ɗora, fitila ta yi ja. Ya wanke hannu, ja. Aka shafa man riɗi, aka goga yatsan a goshi, aka hura masa numfashi, ja dai.

"Mi ta ce?" ya tambayi Lubna.

"Ba ta ganin komai, ya Hajj."

"Ba ta gani? To ki ce mata ta tahi ta tambayi auduga, ita ta ɗauke shi."

Lubna ta buga wa kamfani waya. Suka ce an san da matsalar, akwai tahdis da aka fitar don irin waɗannan yatsu. Ranar Litinin ta tsaya a Suki inda sadarwa ke da ƙarfi ta sauko da shi, ranar Talata ta zo da shi. Rajista za a rufe ta ranar Alhamis da La'asar. Watan bakwai ne, ruwan sama ya fara, tun satin da ya wuce iska ta kayar da turken wuta, ofis gaba ɗaya a kan janaretana yake.

Ta yi mini bayani da Hausarta mai tsalle-tsalle. Na'urar basma tana da nata ɗan hankali a cikinta, daban da na kwamfuta. Tahdis shi ne a zare tsohon a zuba sabo, sabon kuwa yana iya karanta yatsan da ya goge. Takardar da aka turo ta ce gara a soka na'urar kai tsaye a jikin kwamfuta. Amma kan wayarta faffaɗa ne, ramin kwamfutar ƙarami, ba su haɗuwa. Dole a bi ta Abu Sitta. In za a bi ta nan kuwa, sai an zare duk wani abu daga jikinsa a bar na'urar ita kaɗai.

Hamid yana tsaye a kanmu. "Daidai," ya ce. "A toshe na sama don ruwa ya kai na ƙasa. Abin da nake shirin faɗa ke nan, kika riga ni."

Ta zare firinta, ta zare linzamin kwamfuta. Ta dubi wayarsa da ke rami na shida. Ya dubi rufi. Ta ci gaba da dubansa har ya zare.

Sannan ya fita wajen layi, inda tsofaffin ke zaune a inuwar rumfa, ya fara ba su labarin tahdis. Daga ciki ina jin yana cewa a Jidda shi kaɗai ya yi wa na'ura arba'in a yini ɗaya. Yana can yana wannan Lubna ta faɗi abin da ya fi komai, kuma ni ta faɗa wa.

"Ammu Muzammil, abu biyu. Wuta kada ta ɗauke. Kuma ba mai taɓa waya ko ɗaya har fitilar ta yi kore. Ko me allon ya nuna, fitila muke jira."

Ta danna. Wani dogon layi ya fito a allon, shuɗi ya fara shiga cikinsa daga hagu, a hankali, kamar ruwa a busasshiyar kunya. Minti ashirin bai kai rabi ba. Aka kira Azahar. Ta duba, ta ce akwai saura da yawa, za ta shiga gidan Nasiba da ke jikin ofis ta yi salla ta dawo.

Ba ta daɗe da fita ba janareta ya yi tari. Na san tarin, ruwa ne ya shiga mai. In ban tace ba zai mutu, in ya mutu Abu Sitta ya mutu tare da shi. Na miƙe da sauri, a ƙofa na yi karo da Hamid yana shigowa, tsofaffi huɗu a bayansa ya kawo su kallo.

Na ce, "Taubashi, kada ka taɓa komai. Ta ce sai fitila ta yi kore."

"Ya gafir, je ka ga manka. Nan wajen masu karatu ne."

"Ka ji dai abin da na ce."

"Na ji. Ka wanke hannu kafin ka dawo, kana sa wa na'ura wari."

Janaretan yana bayan ofis, ƙarƙashin taga. Na durƙusa na kwance ƙoƙon tacewa, mai yana zuba a hannuna, kunnena yana ciki. Ina ɗagowa in leƙa, in koma. Shuɗin nan da ya yi ta rarrafe sai ya zabura, ya cinye sauran layin, ya tsaya a ƙarshe. Lamba ɗari ta fito.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce, "Ya cika."

Wani ya ce, "Ya kai ƙarshen kunya. Ina yarinyar?"

Ba wanda ya dubi fitila. Tana ta ƙyaftawa ja, ja, ja. Duk idanu suna kan layin da ya cika, kuma duk wanda ke ɗakin nan an taɓa dukansa a kan ruwan da ya cika aka bar shi. Na ga tsofaffin suna motsi a tsaye, ba su san inda za su sa hannunsu ba.

Hamid ya gyara tabarau. "Ku kwantar da hankali. Na'urar ƙarama ce, in ta ƙoshi aka bar ta tana sha, ƙonewa za ta yi. A Jidda mun yi asarar biyu haka."

Na daka tsawa daga taga. Ƙarar janareta ta cinye rabin muryata, sauran rabin kuma bai saba saurara ba. Ya kama wayar na'urar a gindin Abu Sitta ya zare, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

Mutumin da ya shekara arba'in da wani abu bai toshe ruwa a kan lokaci ba, ranar ya toshe, da sauri kuwa, da kyau.

Lubna ta shigo tana gyara mayafi. Ta dubi allon, ta dubi wayar a hannunsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓa ta mayar da ita ramin. Fitila ba ta yi kore ba, ba ta yi ja ba. Ta canza rami, ta bi ramukan shida ɗaya bayan ɗaya. Ta kashe kwamfuta ta kunna. Kwamfutar ba ta ma san an soka wani abu ba. Daga baya ta gaya mini cewa cikar layin nan isowar sabon hankalin ne kawai bakin na'urar. Bayan ya iso ne take goge tsohon ta rubuta sabon, lokacin da fitila ke ƙyaftawa ke nan. An zare ta tsohon ya goge, sabon bai zauna ba. Babu kowa a ciki.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kaina. Da ni ne a gaban allon nan ba a gaya mini komai ba, hannuna zai yi ƙaiƙayi. Shekara ashirin da biyu aikina ke nan, in ga ya cika in rufe. Amma an gaya mini, na kuma gaya masa a ƙofa, baki da baki. Laifina shi ne na san wanda na bari a ɗakin.

Ta buga wa kamfani. Mutumin ya ce a nan ba ta gyaruwa, za a turo sabuwa daga Khartoum nan da sati uku. Ta ce to ranar rufewa fa? Ya ce wannan ba a hannunsa take ba.

Hamid bai jira an tambaye shi ba. Ya ce wutar janareta ce ta yi rawa, shi ya ji ta a jikinsa, ya zare ne don ya ceci kwamfutar. Ya ce Abu Sitta ɗin ma ƙaramin iri ne, tun ranar farko ya lura bai so ya karya wa yarinya gwiwa ba. Ya ce da an shawarce shi tun farko.

Na ce, "Janaretana bai mutu ba, ga shi can yana aiki. Kai ne dai ba ka taɓa tashi ba."

"Kun ji gafir. Mutumin da ya ƙare karatu a bakin tur'a."

"Can aka koya mini in ji magana."

Baffa Mati yana zaune a benci, hannayensa a kan gwiwa. Ya ce, "Ku bar shi haka. Yanzu mi za a yi?"

Lubna ta ce saura hanya ɗaya. A Hillat Garba, ƙauyen da ke ƙetaren abu ishirin na tara, akwai ofis irin namu da na'ura irin tamu, mai tsohon hankali. Wanda yatsansa ya ƙi, yana iya yin tawkil, ya wakilta ɗansa ko 'yarsa ko ɗan ɗan'uwansa, wanda ba shi da tasa hawashar, a ɗauki basmarsa a madadinsa. Sai dai wakilin nan shi kamfani zai sani, shi zai karɓi iri, shi zai sa hannu ranar awo. Sauran tsofaffin goma kowa ya samo nasa kafin Laraba ta faɗi. Baffa Mati ya yi ta neman 'ya'yansa a waya, ba ta shiga. 'Yarsa a Rusairis tana jego, hanyar ma ruwa ya yanke ta. Ni ina da tawa hawashar, yatsana ya riga ya shiga.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗaura jaki a karo, wato amalanke, na ɗora Baffa. Ya ce a gwada nasa yatsan a can tukuna, wataƙila tasu na'urar ta fi tamu ido. Muna fita gari sai ga Hamid da farar jallabiya da jakarsa mai lambobi, ya ce zai bi mu ya yi wa mutanen can magana da harshen da suke ji. Ya haye ya zauna. Wanda ya san baƙar ƙasarmu bayan ruwa ya san abin da na sha. Sau uku ƙafar karo tana nutsewa, ina sauka ina turawa da gwiwar da ba ta da kirki, shi yana sama ya tattare jallabiya yana cewa in karkata dama.

Mun isa bayan Azahar. Ma'aikacin can, wani Bilyamin, ya riga ya ji labarinmu. Na roƙe shi ya yi wa tasa na'urar tahdis, ga Lubna ta ba ni abin a aljihu. Ya dubi Hamid, ya dube ni, ya ce yana da mutum talatin a layi kuma na'ura ɗaya gare shi, ba zai taɓa ta ba sai bayan La'asar. Ban ga laifinsa ba.

Baffa ya ɗora babban yatsa. Ja. Ya bi yatsunsa goma ɗaya bayan ɗaya, Bilyamin yana haƙuri da shi yana goge gilashi. Ja goma.

Hamid ya yi gyaran murya. "Kawu, ai abin ba wuya. Ni ɗan 'yar'uwarka ne, ba ni da hawasha. Ga takardar tawkil. Tun jiya na yi tunanin haka, na bari ne ka gwada don hankalinka ya kwanta." Ya juya wajen Bilyamin. "Gwada nawa ka gani, ya ustaz."

Ya ɗora. Bai gama dannawa ba fitila ta yi kore. Zanen ya fito a allo, layi-layi a zagaye, ba tabo, ba yanka, ba inda ya goge. Bilyamin ya ce tun da ya fara aikin nan bai ga basma mai kyau irinta ba. Hamid ya yi murmushi, ya ɗauka yabo ne.

Baffa Mati ya miƙa hannu ya kama yatsan. Ya juya shi, ya shafa shi da nasa, kamar mai duba ƙwai a kasuwa.

"Ma sha Allah," ya ce. "Sabo ful. Ba a taɓa aiki da shi ba."

Wasu a layi suka ƙunshe dariya.

"Kawu, sa hannu kawai za ka yi. Suna ne a takarda, noman naka ne."

"Ta Jibirin ma da suna a takarda ta tahi."

"Wannan daban. Lokacin kasuwa ce ta..."

"Hamid." Tun da muka fito bai kira sunansa ba sai lokacin. "Baƙo in an ba shi, shekara guda zai noma shi maido min. In ta shiga wanga yatsa ban san shekarar da za ta hito ba."

Na sunkuya na ce masa a kunne, "Baffa, La'asar ta kusa. Ni zan tsaya a kansa, iri ba zai kwana a hannunsa ba."

"Ka tsaya kansa shekaranjiya," ya ce. Ya ninke takardar tawkil ya miƙo mini. "Tashi mu tahi, jakin na jin yunwa."

A hanyar dawowa Hamid ya yi magana tun daga abu ishirin na tara har bakin gari. Zai rubuta wa Khartoum. Ya san wani a ma'aikata. Tsarin gaba ɗaya ba a gina shi da ilimi ba. Ba wanda ya amsa masa, bai kuma lura ba.

Lajna ta ba wani ɗan kasuwar Suki hawashar. Sabuwar na'ura ta iso a watan takwas da sabon hankalinta a ciki. Lubna ta aika na kira Baffa, ko da yake ba abin da zai canza. Ya ɗora yatsa sau ɗaya, fitila ta yi kore. Ya dubi allon, zanen ya fito dishi-dishi, amma nasa ne. Ya ce, "Ashe yana nan." Ya tashi ya fita.

Ban ji an cire Hamid daga muƙaminsa ba. Ba a cire mutum irinsa, gajiya ake yi da shi. Lubna dai ta sayo kwaɗo da kuɗinta, in za ta fita salla ta kulle ofis ta ba ni makulli. Hamid yanzu yana Rusairis, an ce yana ba masu shagunan sadarwa shawara.

Auduga ta yi kyau a shekarar nan. Da ta buɗe a watan ɗaya, ɗan kasuwar ya nemi masu tsinta, ana biya a kan buhu. Na je na tarar da Baffa Mati a layi na uku, buhu ɗaure a ƙugu, yana tsintar audugar wani a gonar da ya share da hannunsa tun ina goye. Yaran ɗan kasuwar suna kiransa "ya Hajj" suna nuna masa inda zai juye.

Na ce, "Baffa, da ka zauna gida. Abin da za mu ci ba zai gagara ba."

Bai ɗago ba. Ya ce mutanen nan ba su san ƙasar ba, kusurwar yamma tana riƙe ruwa, in ba a lura ba za su bar masa ita da gishiri. Gara yana nan yana gani.

Na nemi buhu na ɗaura, na shiga layi na huɗu.